Ƙamshin Barkono a Ƙaramin Ɗaki

Zuwa ga Auta,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, ke da ɗalibanki da sauron da kika ce ya fi su yawa. Mu nan da sauƙi. Ciwon bayan Inna, mahaifiyata, ya lafa, ni kuma ina nan ina fama da kantin magani yadda kika san ni. Direban da ke kai wa makarantarku kayan abinci na ba wannan takarda, tunda wayarki ta zama kayan ado a kan tsaunin naku.

Maganar Shalele ce ta sa na ɗauki biro. Ba ta cin abinci, Auta. Tun rasuwar yayarki cinta ke raguwa, na ce ƙuruciya ce da kewar uwa, zai wuce. Bai wuce ba. Shinkafa sai ta juya cokali a ciki ta ture. Ƙwai ko kallo bai ishe ta ba. Shayi kaɗai take kurɓa, shi ma sai na bi ta da kofi ɗaki ɗaki. Siket ɗin makarantarta da fil nake kama shi yanzu. Ni da nake ba 'ya'yan mutane maganin buɗe ciki kullum, na rasa wanda zan ba tawa.

Abu ɗaya take nema, wai burodin Mama. Kin san shi, wanda ake sa cuku da barkono a tsakiya a gasa. Ban taɓa ganin yadda yayarki take yinsa ba, don bayan an taso daga makaranta take yi musu su biyu, ina can kanti. Abin da na sani shi ne in na dawo da yamma nakan tarar da ɗan ɓurɓushi a faranti, yarinya kuma leɓe jajir tana hura baki tana dariya. Na tambaye ta yadda Mama take yi. Sai ta sa hannu biyu ta toshe bakinta, ta zuba min ido. Magana ma ta yi mata wuya kwanan nan, ban matsa mata ba.

Ke kika tashi ɗaki ɗaya da ita. In kin san yadda ake yi, ki rubuto min dalla-dalla, kamar kina koya wa daƙiƙin ajinku.

Mijin yayarki.

*

Zuwa ga Yaya Mai Magani,

Wa'alaikumus salam. Takardarka ta same ni lafiya, sai mura da ba ta sakin kowa a nan. Ka gaishe min da Inna, ka ce ina yi mata sannu da jiki.

Na karanta, na yi kuka, na share, sannan na yi dariya. Kai ne za ka shiga kicin? Mutumin da yayata ta ce in ya dafa ruwa sai ya ƙone? To Allah ya sa gidan da inshora.

Burodin nan na san shi kamar tafin hannuna. Tun muna makarantar kwana take yinsa, duk ranar da abincin ɗakin cin abinci ya fi ƙarfin imaninmu. Yadda muke yi a can dai ba na gidan mutunci ba ne, bari in ba ka na masu kicin. Ka samu burodi mai yanka-yanka, wanda ya kwana, sabo laushi gare shi, lauyewa yake yi. Ka sayi cukun kanti, mai ruwan ɗorawa ɗin nan da ke zuwa a leda falle-falle. Ka kwaɓa bota da garin barkono kaɗan, ka shafa a bayan burodin, wajen da zai taɓa wuta. A ciki ka shimfiɗa cuku, ka yanka attarugu siriri siriri ka jera, ka cire 'ya'yan saboda yarinya, ka ƙara wani cukun a kai, ka rufe. Kasko ya yi zafi amma ka rage wuta. Ka danna da bayan cokali, in ƙasan ya yi ja ka juya. Da ka ga cuku ya fara leƙowa ta gefe, ya yi. Kada ka tsaya karanta takardar jikin leda kamar magani, babu adadin da za a sha safe da yamma.

Yaya, ka yi haƙuri da ita. Ni ma da nake babba, akwai abincin da har yau ba na iya kai wa baki saboda da ita muke ci. Ka ce wa Shalele Antinta na tafe da hutu, kuma in na tarar ta fi tsintsiya kauri akwai tsaraba.

Ƙanwarka, Auta.

*

Auta,

Sallama da gaisuwa. Ina fata murar ta sake ki. Inna na amsawa. Ni lafiyata ƙalau, in dai ta jiki ake nufi.

Na bi bayaninki. Na farko ya ƙone ƙurmus, na biyu cukun ya tsere ya bar burodin. Daga baya hannuna ya faɗa, har maƙwabciyarmu matar mai gyaran agogo ta ɗanɗana ta ce a kanti ma sai haka. Na kai wa Shalele. Ta ɗauka, ta juya shi, ta duba kaurinsa, ta shinshina, ta ajiye. Ta ce ba shi ba ne. Na canza burodi, na canza cuku, na ƙara barkono, na rage. Kullum amsar ɗaya ce.

Akwai abin da ban gaya wa kowa ba sai Inna, ita ma na yi da-na-sani. Na roƙi mai kanti ya mayar da ni aikin safe don in riƙa wuni da yarinya. To da la'asar, in ina ƙaramin ɗakin nan na kusa da bayi, sai in ji ƙamshi. Bota ce da barkono a kan wuta, da ɗan ƙaurin burodi. Ranar farko na ɗauka na bar kasko a murhu, na ruga kicin. Murhu a kashe, kasko a kife, kicin ɗin ma ba ya ƙamshin komai. Na leƙa ta taga, maƙwabta ba sa girki. Na koma ƙaramin ɗaki, yana nan, kamar yanzu aka sauke.

Ba ni kaɗai nake ji ba. Duk inda Shalele take a gidan sai ta taso, ta zo bakin ƙofa ta tsaya, ta kama labule, tana kallon bayana. Ba ni take kallo ba, Auta. Shekaranjiya ta ce, a hankali, kamar mai gudun kada ta kori tsuntsu, "Mama ta zo." Ni mutum ne mai auna abu kafin in yarda da shi, kin sani, amma tsoro nake ji, kuma abin da ya fi ba ni tsoro shi ne na fara jiran la'asar.

Inna ta ce gidan ne bai saki yarinyar ba. Ta ce in ba ta ita ta tafi da ita can wurinta, in kuma nemi wani gida. Likitan yara ya ce in ta ƙara ramewa sai an kwantar da ita. Na fara tunanin ko rabuwa da ita ne zai fi mana alheri.

Yayanki.

*

Yaya,

Ina gaisuwa. Lafiyata lau.

Na karanta layinka na ƙarshe har na haddace shi. Zai fi muku alheri, ko zai fi maka? Ƙasar kabarin yayata ba ta gama kwanciya ba, har 'yarta ta zama kaya a wuyanka? Yarinya ta rasa uwa, maganin da mai magani ya gano shi ne a cire mata uba. Inna ina ganin girmanta, amma tsohuwar da ba ta iya sunkuyawa ta ɗaura takalmi ce za ta bi yarinya da kofin shayi?

Maganar ƙamshi kuwa, kewa ce. Ni ma nakan ji muryarta a cikin hayaniyar ɗalibai, in waiga ba kowa. Ban ce a rufe makaranta ba. In ka gaji ka faɗa kai tsaye, in ajiye aikin nan in zo in ɗauki 'yar yayata. Raina ya ɓaci, ba zan ɓoye maka ba. Ban taɓa zaton haka daga gare ka ba.

Auta.

*

Auta,

Assalamu alaikum. Ina fata kina lafiya. An ce ruwa ya cinye gadar hanyarku, shi ya sa direba ya daɗe bai je ba, takardarki ma sai jiya ta iso, duk ta jiƙe a gefe. Makonnin nan kullum ina leƙen motarsa ina cewa Auta za ta zo min da dabara. Da ta zo, ga abin da ke ciki.

Ba zan yi fushi ba, don na san bakin da ya faɗa da cikin da ya fito. Amma ki sani, in na ba da Shalele, abin da ya rage min a gidan nan kujeru ne. Ban gaji ba. Tsoro nake kada ta mutu a hannuna ina kallo, saboda son kaina na in riƙa ganinta.

A wancan makon ta yanke jiki ta faɗi a filin makaranta. Ta kwana asibiti ana yi mata ƙarin ruwa, sai da suka sha wuya kafin su samu jijiya. A bakin gadon na ce wa Inna na yarda. Ƙarshen wata ƙanena zai zo da mota ya kai su.

Na fara haɗa mata kaya. Jiya da la'asar na shimfiɗa tsohon bargon nan a kan teburin ƙaramin ɗaki, inda yayarki take guga, inda ni ma nake goge farar rigar aikina tun da ba ta. Na jona dutsen guga, na ɗauko 'yan rigunan Shalele ina gogewa ina ninkewa cikin akwati. Ban kai rabi ba ƙamshin ya taso, ya fi na kullum ƙarfi, har idona ya yi yaji. Na ji kamar in na juya zan ga gefen zanin yayarki. Na ce, da ƙarfi, ni kaɗai kamar taɓaɓɓe, "Ki yafe min, na kasa." Da na juya Shalele ce a bakin ƙofa, hannunta biyu a kan baki, hawaye na bin yatsunta.

Ba zan iya ci gaba da shiga ɗakin nan ba. Na ce wa matar mai gyaran agogo ta zo ta kwashe abin da ke ciki, teburin da bargon da dutsen gugar da kwandon wanki. Rigunana na kai wa mai wanki da guga. In kina son wani abu na yayarki ki faɗa kafin in tashi.

Yayanki.

*

Yaya,

Sallama. Lafiya nake, gaisuwar ta tsaya nan, don mai babur ɗin da zai kawo maka wannan yana tsaye a kaina, mahaifin wata ɗalibata ne, na roƙe shi ya ratso ta wurinku.

Kada ka bari dutsen gugar nan ya bar gidan. In ya fita ka bi shi ka karɓo, da bargon.

Yaya, da dutsen guga take gasa burodin. Abin da na ce maka ba na gidan mutunci ba ne, shi ke nan. A makaranta an hana mu risho, amma ba a hana guga ba. Sai ta haɗa burodin, ta naɗe shi a takarda, ta ɗora a kan bargo, ta danna dutsen da hannu biyu da duk nauyinta, har ya koma falle kamar tafin hannu. Shi ya sa Shalele take duba kaurin naka. Ni na ɗauka tunda ta yi aure ta samu murhu mai kai huɗu ta bar wannan ɗabi'a. Ashe mai hali ba ya fasa halinsa. Shekara da shekaru bota da barkono suna tsiyaya cikin bargon nan suna shiga ramukan dutsen. Duk sanda ka jona shi ya yi zafi, dole su tashi. Tun farko ka ce min kana ƙaramin ɗaki, ba ka ce guga kake yi ba.

Da na kai nan sai wata hira ta faɗo min, na zauna a ƙasa. Zuwana na ƙarshe, yayata tana dariya, ta ce ita da 'yarta suna da asirin da Baba ba zai taɓa ji ba, don in ya ji abin da ake yi da abin da ke taɓa farar rigarsa, sai ya suma. Na ce mene ne, ta ce ai in ta faɗa ya tashi daga asiri. Ka tuna ranar da ka ga ɗigon mai a aljihun rigarka ka yi ta faɗa da kamfanin sabulu? Da takardun ƙunshin maganin da kake kawowa gida suna ɓacewa? To ga inda suke tafiya.

Wasa take yi, Yaya. Da wasa ta ce wa yarinya kada ki gaya wa Baba, ta fita ba ta dawo ta ce an fasa ba. Yarinyar nan ba ƙin magana take ba. Alkawarin uwarta take riƙe da shi da hannu biyu, ga yunwa tana cinta.

Kada ka tambaye ta komai. Ka kira ta ƙaramin ɗaki, ka haɗa yadda na koya maka, ka naɗe a takardar kantinku, ka kashe tururin dutsen, ka danna har ka ji yana ƙara, ka juya ka sake. Ka ce Anti ce ta tona.

Maganganun da na faɗa maka a waccan takarda, ka yafe min. Na karanta layi ɗaya na bar sauran.

Auta.

*

Auta,

Assalamu alaikum. Muna lafiya. Na daɗe ban rubuta wannan kalmar da gaske ba. Inna na gaishe ki, ta ce ki zo ta ja miki kunne sannan ta sa miki albarka.

Mai babur ya same ni a kanti. A tsaye na karanta, na cire rigar aiki na ce wa mai kanti ina zuwa. Matar mai gyaran agogo ta riga ta kwashe kayan. Kin san ta da tsafta. Dutsen ta zauna ta dirje shi da gishiri da soson ƙarfe, ta bi ramukan da tsinke, ta miƙo min shi yana walƙiya tana jiran in yaba. Na yi godiya. Bargon kuwa na same shi a bakin baho, ta ɗebo ruwa ke nan. Na ce ta bar shi haka. Ta dube ni kamar wanda ya zautu, ta ba ni.

Na shimfiɗa shi a inda yake. Na kawo burodi da cuku da attarugu da bota na jera a kan teburin guga, na kira Shalele. Da ta ga takardar ƙunshin magani a hannuna sai ta tsaya cak. Na naɗe, na ɗora dutsen, na danna. Ya yi ƙara, ƙamshin ya cika ɗakin.

Ta ce, "Wa ya gaya maka?"

Na ce, "Antinki."

Ta ce, "Ba ni na faɗa ba ko?"

Na ce, "Ba ke ba ce. Kin riƙe wa Mama, ta gani."

Sai ta matso ta ce ba haka ake yi ba, sai an hau da ƙarfi. Ta ɗora hannuwanta a kan nawa, 'yan ƙasusuwan nan, muka danna tare. Ta nuna min inda ake juyawa. Ta ce Mama tana hura yatsa in ta buɗe takardar, na hura. Ta cinye ɗaya tana tsaye, tana shan iska saboda yaji, ta ce a ƙara. A na biyun ta sake tambayata ko ba ita ta faɗa ba. Har yau takan tambaya, nakan ba ta amsa.

Yanzu tana cin shinkafa kaɗan, jiya ta ci ƙwai. Na matsar da fil ɗin siket. Na aika wa ƙanena kada ya zo da mota, akwatin ma na zazzage shi. Inna ta ce ita dai ba ta taɓa jin gidan da ake goge abinci ba, amma ta ci rabi.

Saura abin da ban san wa zan gaya wa ba in ba ke ba. Kin ceci yarinyar, Allah ya saka miki. Amma da na gama karanta takardarki a kanti, kafin murna ta zo, wani abu ne ya fara zuwa. Ashe yayarki ba ta zuwa. Duk la'asar ɗin nan da nake tsayawa gabana na faɗuwa, ina tsoro ina kuma jira, mai ne a cikin bargo. Na ji kamar ranar aka yi min rasuwar. Kuma tun da na fara gasa nawa a kansa, in ƙamshin ya tashi ban san wanne ne nata wanne ne nawa ba. Da hannuna na gauraya su, kuma ko yau aka ce in zaɓa, haka zan sake yi.

Abu ɗaya ne ba ki rubuto ba. Shalele ba ta cin gefen burodin. Takan ɓantare shi a hankali, ta jera a bakin faranti, ta tura farantin ƙarshen tebur, wajen taga, ta fita wasa. Na ce wannan fa? Ta ce na Mama ne, ita take cinyewa in tana ninke kaya.

Ranar farko na bar shi har magariba. Na leƙa ya fi a ƙirga, yana nan yadda ta jera shi. Da na ji tana dawowa daga wasa, na san farantin za ta fara dubawa. Na tsaya wajen tagar na cinye, ya huce, ga yaji. Ta shigo ta duba, ta ɗauki farantin ta kai kicin. Kullum haka muke yi yanzu.

In za ki zo hutu ki taho da barkonon wajenku, an ce ya fi namu ƙamshi.

Yayanki, Mai Magani.